Inda na kai da saƙar tsoho mai jar hula

’Yan uwa masu koyon saƙa, barkanmu da ƙoƙari. Jikin tsohon nan da Turawa ke kira gnome ya kammala, gemu ya zauna, saura hula, kuma ita ce ta tsayar da ni tunani.

Jikin ba shi da wuya. Da kwarashi mai milimita 3 na fara, ƙulli 6 a zagayen farko, ana ƙara 6 a kowane zagaye har gindin ya kai faɗin murfin kwalba, daga nan a miƙe sama ba ƙari ba ragi. Na yanko roba daidai faɗin gindin na shimfiɗa a ciki, na ɗora tsakuwa da na ƙulle a tsohuwar safa, sannan auduga ta biyo baya. Wasu shinkafa suke zubawa don ya yi nauyi ya zauna daram, amma ni ba na so, damina na yi ƙwari za su same ta.

Gemun ne ya fi ba ni daɗin aiki. Farin ulu za ki yayyanka tsawon yatsa biyu, ki ninka kowane sili, ki zaro shi ta cikin saƙar ki ɗaure, layi bisa layi daga ƙasa zuwa sama. In kin gama sai ki warware silin da tsinin allura, ki bi da mataji mai ƙananan haƙora a hankali. Ulun zai tashi ya yi buzu-buzu, har ki rasa inda ƙullin yake. Hanci kuwa ɗan dunƙule ne, ana ɗinka shi a bakin gemu daga sama. Ba ido, ba baki, hula ce ke saukowa ta rufe har kan hanci, kuma wannan na cikin abin da ya sa hankalina ya kwanta da yi wa yara shi a matsayin ’yar tsana.

Da na shiga intanet neman fasalin hular sai na tarar sunan nan ya tara jama’a. Akwai manhajar kwamfuta mai suna GNOME da aka fara a 1997. Akwai ’yan siyasar Ingila da suka riƙa laƙaba wa manyan ma’aikatan bankunan Zurich sunan, wai suna ɓoye suna gadin dukiya. A tsohon Girkanci ma kalma mai irin wannan rubutu tana nufin gajeriyar magana ta hikima. Duk ba su ne namu ba.

Namu ma ba ɗaya ba ne. Wani likita ɗan Suwizalan, Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ya fara rubuta sunan, ya ce wasu ƙananan halittu ne da ke ratsa ƙasa kamar yadda mutum ke ratsa iska. Daga baya magina yumɓu na Jamus, musamman a garin Gräfenroda, suka riƙa gasa su ana jerawa a lambu, da fuska sosai, da jar hula a tsaye ƙiƙam, wani riƙe da fitila wani da shebur irin na masu haƙar ma’adinai. A 1847 Sir Charles Isham ya kai guda 21 gidansa na Lamport Hall a Ingila, ɗaya daga ciki yana nan har yau.

Amma wanda muke saƙawa, mai ɓoyayyar fuska, ya fi kusa da na Suwidin da Norwe, wanda suke ce wa tomte ko nisse. A tatsuniyoyinsu shi mai gadin gona ne, yana duba dawaki da shanu cikin dare, ladansa kwanon kunu da man shanu a kai a daren Kirsimeti. An ce wata rana aka sa man a ƙasan kwano, ya duba bai gani ba, ya fusata ya kashe saniyar gidan. Da ya dawo ya shanye kunun ya tarar da man, sai ya bi dare ya samo wata saniyar ya ɗaure a madadinta. Tun da na ji wannan labari na daina ganinsa abin ado kawai. Tsoho ne ma’aikaci mai zuciya, wanda ba ya son raini, shi ya sa na zaɓar masa riga ruwan toka irin ta manomi, na ajiye ulun nan mai ƙyalli.

Hular gnome ɗin Jamus gajera ce mai tauri, ana ƙara ƙulli kusan kowane zagaye. Ta tomte doguwa ce, tana lanƙwasowa gefe, don haka ƙarin nata a kowane zagaye na uku nake yi, kuma ba zan cusa mata auduga ba. Yanzu ina tsakiyarta. Abin da ban yanke ba shi ne bakin hular, ko in naɗe shi sama ko in bar shi ya kwanta a kan gemu. Wadda ta taɓa gwada duka biyun ta faɗa mini wanne ya fi riƙe hancin bayan wanki.