Karen maƙwabciyata a Leeds

Jiya maƙwabciyata a nan birnin Leeds na Ingila ta kira ni in ga ɗanta, yaron da ko gaisuwa ba ya amsawa, zaune yana ta hira. Da wa? Da wani ɗan kare mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na ɗan tunkiya, irin da suke kira cockapoo, ruwa biyun karnuka iri biyu, poodle da cocker spaniel. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Mu a gida kare na gadi ne ko na farauta, iyakarsa ƙofar gida, kuma ban sauya ba. Amma na gane abin da ya sa iyalai a Ingila suke rububin irin waɗannan karnuka: ga saurin koyo, ga haƙuri da yara, gashinsu kuma bai cika zuba a kujera ba. Dama saboda gashin nan aka haɗa wani makamancinsu, labradoodle, ruwa biyun poodle da labrador, a Ostireliya a 1989, don yi wa wata makauniya jagora, wadda gashin kare ke tayar wa mijinta da ciwo.

Wahala dai akwai. Kullum sai an taje shi, in ba haka ba ya cukurkuɗe, ga kuɗin aski duk bayan wata biyu. Uwar ta ce ko nawa ne za ta biya.