Kafin a haɗa sabobi biyu a kan faifai ɗaya

Ma'aikatu da dama a Accra, daga asibitocin kuɗi zuwa kamfanonin da ke tura kuɗi ta waya, ba za su iya jure tsayuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu da ayyukansu, ko ta awa ɗaya ba. Shi ya sa samarinmu na Nima da Mamobi masu aikin kwamfuta suke yawan tambayata yadda ake haɗa sabobi biyu a kan ma'ajiyar bayanai guda, ta yadda in ɗaya ta faɗi ɗayar za ta karɓi aiki. Abin da nake gaya musu shi ne a fara shirya yadda za a kashe sabar da ta ɓalle, sannan a zo maganar faifai.

Haɗa faifan kansa ba wuya. Mai hali ya sayi akwatin ajiya mai Fibre Channel, wato layi na musamman mai sauri tsakanin saba da faifai, mai matsakaicin ƙarfi ya bi ta iSCSI, wato isa ga faifai ta layin sadarwar kwamfuta na yau da kullum, a tasha ta 3260, amma ya ja wayoyi biyu ta hanyoyi daban-daban don kada tsinkewar ɗaya ta raba sabobin da faifan. Wanda ba shi da kuɗin akwati yana da DRBD na kamfanin LINBIT, tsarin da ke kwafe rubutun faifan saba ɗaya zuwa na ɗayar, wanda ya shiga cikin Linux a 2010, kuma a tsarinsa na C ba a ɗaukar rubutu ya kammala sai ya sauka a faifan sabobin biyu.

Haɗarin yana wajen rubutu. An gina ext4 da XFS, tsare-tsaren da ke jera fayiloli a faifai, ne a kan cewa kwamfuta ɗaya ce ke da faifan, kowace kuma tana riƙe da lissafin guraben da ba a cika ba a ƙwaƙwalwarta. In sabobi biyu suka buɗe shi lokaci guda, tamkar yaran shago biyu ne suna rubuta bashi a shafi ɗaya ba tare da wani ya ga hannun ɗan'uwansa ba, sai bayanai su lalace ba a sani ba. Ko dai a bar Pacemaker, tsarin da ke raba aiki tsakanin sabobin, ya buɗe faifan a saba ɗaya kawai, ko a koma GFS2 ko OCFS2 masu kulle fayil tsakanin sabobi. A ganina hanyar farko ta ishi yawancin ofisoshinmu, kuma gyaranta ya fi sauƙi.

Sai batun rabuwar kai. Corosync ne ke sa sabobin su riƙa jin motsin juna, amma in layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowace za ta zaci ɗayar ta mutu alhali tana raye tana rubutu. Biyu ba su ba da rinjayen ƙuri'a, don haka ana buƙatar ƙaramar kwamfuta ta uku mai raba gardama, da kuma STONITH, wato tsarin da ke kashe sabar da ake shakka a kanta kafin a taɓa faifan. Yana ɓata mini rai in ga an kashe wannan tsari don kawai aiki ya yi saurin tashi.

A nan ne dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, ke shigowa. Mafi yawan masu haɗawa suna dogara da katin IPMI, wanda ke ba da damar sarrafa saba daga nesa, wajen kashe saba, to amma in wuta ta ɗauke wa sabar gaba ɗaya, katin ma ya mutu, sai wadda ta rage ta kasa tabbatar da kisan, ta zauna jira, aiki ya tsaya. Maganinsa SBD ne, tsarin da ke sa saba ta kashe kanta in ta ɓalle, tare da agogon tsaro na cikin injin, wanda ke sake tayar da saba da zarar ta daina amsawa. SBD yana son ɗan ƙaramin yanki a faifan tarayya, kuma ba a ɗora wannan yanki a kan DRBD, don haka mai DRBD sai ya yi amfani da SBD marar faifai tare da waccan ƙuri'a ta uku. Kowace saba kuma a ba ta nata UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, a zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya a gwada tun ba a zuba bayanan mutane ba.