Wuni guda tsakanin sabar da PLC

Talata, da dare.

Tun ƙarfe bakwai na safe nake ɗakin sarrafawa, ban fito ba sai da rana ta faɗi. A baki aikin ƙarami ne: in haɗa sabuwar sabar (kwamfutar da ke tattara bayanai) da PLC uku, wato ƙananan kwamfutocin sarrafa injuna, masu kula da famfuna da tankunan ruwan zafi, domin allon ma'aikata ya riƙa nuna abin da injuna ke ciki.

Na fara da ɓangaren Modbus, ƙa'idar da na'urorin ke musayar bayanai da ita. Kowace na'ura na ba ta adireshin IP nata, na buɗe ƙofa ta 502, wadda Modbus ke bi, a katangar tsaro, nan da nan fitila ta yi kore. Sai na duba tanki na biyu. Ma'aunin da ke jikinsa na nuna digiri 62, allo kuwa ya kawo wata lamba marar kai marar gindi. Gabana ya faɗi, domin da wannan lambar famfo zai yi aiki.

Modbus tsoho ne, tun 1979 kamfanin Modicon ya fito da shi, kuma kowace rajista (gurbin ajiye lamba) a cikinsa bit 16 take ɗauka. Lamba mai ɗigo tana cin bit 32, wato rajista biyu, ƙa'idar kuma ba ta faɗi wadda za ta riga zuwa ba. Kowane maƙeri da nasa tsarin. Na juya su, duk da haka lambar ba ta daidaita ba. Sai da na koma littafin na'urar na gano saura: abin da aka rubuta 40001 a takarda, a kan waya sifili ne, ni kuma na fara ƙirga daga ɗaya. Ina gyarawa, 62 ta bayyana. Na sauka ƙasa da ƙafata na sake duba ma'aunin kafin hankalina ya kwanta.

Da yamma OPC UA, wani tsarin musayar bayanai mai tsaro, ya tsaya mana, ta ƙofa ta 4840. Sabar ta ƙi karɓar takardar shaidar dijital ta na'urar da ke tsakaninta da PLC, ko kuma in ce ita na'urar ce ta ƙi tata, tana cewa lokacin fara aikin takardar bai yi ba. Shugabanmu ya leƙo, ya ce, "Injiniya, kashe tsaron nan mu wuce, gobe a gyara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini minti talatin. Modbus ba ya tambayar kowa ko wane ne shi, duk wanda ya isa gare shi zai iya kunna famfo. Nan ne kaɗai muke da makulli."

Ya yi shiru, sannan ya ce to. Na ji daɗin wannan amincewar ƙwarai.

Ashe agogo ne. Batirin cikin na'urar ya mutu, ta koma ranar 1 ga Janairu 1970, shi ya sa take ganin lokacin takardar bai yi ba. Na haɗa ta da sabar lokaci ta NTP mai daidaita agogo, na saka takardun shaidar biyu cikin jerin amintattu, na bar saƙonni a kan sa hannu da ɓoyewa. Suka gaisa lafiya.

Gobe zan canza batirin. Akwai kuma PLC na uku da ke jinkirin amsawa, ina ganin tambayar da muke aika masa kowace milisakan 100 ta yi masa yawa. Zan gwada sakan ɗaya in gani.