Yadda ake amfani da "easy to" a jimlar Turanci

Ɗalibai masu shirin WAEC a ƙauyukan Ringim, ku lura da wannan ginin. Bayan easy sai to, sai aikatau tsurarsa, babu -ing babu -ed: "This millet is easy to pound."

Geron ne ake dakawa, kuma an riga an ambace shi a farko, don haka kada a ƙara it a ƙarshe. "Easy to pound it" kuskure ne a nan, kuma Hausa ce ke jawo shi, tunda mukan ce "a daka shi". Amma in jimlar ta fara da It, geron yakan koma baya: "It is easy to pound millet."

Mai aikin kuwa da for yake shiga: "easy for Binta to pound". Hard da difficult ma haka suke.