Bashin da na gada a jikin mita

A watan Agustan 2024 aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, na kama hayar gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, a ƙasan wani bene mai sassa huɗu. Ranar da dillali ya kai ni ganin gidan babu abin da ban duba ba. Na gwada ƙofofi da makullai, na buɗe famfo, na ɗaga kai ina neman alamar yoyo tunda damina ce, har na tambayi maƙwabta ko ruwan sama yana malala a layin. Mita kuwa, da na hango ta a bango na ga mai kati ce, sai na yi hamdala na wuce, domin shekaru tara na yi ina fama da bil ɗin ƙiyasi, kuma a tunanina duk wanda ya samu mita mai kati ya rabu da rigimar wuta. Na biya kuɗin shekara guda da la'adar dillali da kuɗin lauya ba tare da na rubuta ko da lambar mitar ba.

Kwana biyu da tarewarmu wutar da ke cikin mitar ta ƙare, na sayi ta naira 10,000 ta waya. Na riga na san cewa layinmu yana rukunin A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, wanda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun shekarar, kafin daga baya a ɗan sassauta. Da na yi lissafi har da haraji, abin da ya kamata in samu bai gaza yunit 44 ba. Da na danna lambobin nan ashirin, sai mita ta nuna yunit 22 da ɗoriya. Na ɗauka kuskure ne na manhajar banki, na sake sayen ta naira 5,000 a wani shago, aka ba ni rasit na takarda, kuma a jikin rasit ɗin ne na ga layin da ya hana ni barci a daren: an cire rabin kuɗin don biyan bashi, saura kuma naira 186,000 da 'yan kai.

Washegari na kira dillali. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gida na nuna maka, maganar wuta tsakaninka da mai gida ce." Mai gida, wanda ke zaune a wata jiha, ya ce shi bai taɓa kwana a gidan ba, don haka bai sha wutar kowa ba, in nemi wanda ya tashi. Wanda ya tashi kuwa layinsa ba ya shiga. A ofishin kamfanin wuta na unguwar aka yi mini bayani dalla-dalla, kuma ba ni da abin da zan ce, domin bashin ya taru ne tun kafin a sa mitar, lokacin da gidan yake kan bil na wata-wata, da aka kawo mita mai kati sai aka ɗora shi a kan asusun, ana zara a hankali duk lokacin da aka sayi wuta. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na sanar da su kafin in shiga gidan, na ce a'a. Sai a ranar na san cewa cikin abubuwan da NERC ta ɗora wa mai amfani da wuta akwai sanar da kamfani duk wani bashi da ke kan gida kafin ya tare. Da na zo da lambar mitar kafin in biya haya, da cikin minti biyar an faɗa mini abin da ke kanta, da kuma a lokacin ni ke da baki, tunda kuɗina suna aljihuna. Bayan na biya, sai na koma mai roƙo.

Sauran abubuwa ba su ba ni wahala ba. Tukunyar gas mai kilo goma sha biyu da rabi na zo da ita daga Kano, masu kwasar shara suna zuwa ranar Asabar, intanet kuma na gwada layuka biyu a cikin falo na zaɓi wanda ya fi kamawa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ko da na cire rabin da bashi ke cinyewa, sai na lura yunit ɗin da ya rage yana tafiya da saurin da bai dace da kayan da muke da su ba: firji ɗaya, fankoki uku, talabijin, da dutsen guga sau biyu a mako. Na hana yara kunna fanka da rana, uwargida ta daina dafa ruwa da hita, har muka ɗan yi cacar baki a kan guga, alhali ba ta da laifin komai. Wani dattijo da ke sashen sama, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, shi ne ya ce mini, "Malam, kashe duk abin da ke ɗakinka, ka zo mu tsaya a gaban mitar." Na zare komai daga soket har da firji, muka tsaya, jan fitilar mitar ta yi shiru. Sai ya aiki jikansa ya kunna samo, injin da ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin da ke saman bene. Nan take fitilar ta fara ƙiftawa kamar ana korar ta. Na ce, "Baba, ai wannan mitata ce." Ya ce haka aka haɗa shi tun ginin gidan, kuma da can kowane sashe yana ba na ƙasa wani abu a wata, amma da mutane suka yi ta sauyawa sai maganar ta bi ruwa. Wato wata guda da rabi ni kaɗai nake shayar da gidaje huɗu, a farashin rukunin A, da kuɗin da rabinsu ke tafiya ga bashin wani. Abin dariya shi ne madatsar ruwa ta Usuma, wadda ke shayar da birnin, ba ta da nisa da mu, amma gidanmu ba a ja masa famfo ba.

Wannan gwajin bai ɗauki minti goma ba, kuma ba ya bukatar mai gyaran wuta. Da na yi shi ranar da na je ganin gida, tare da duba bashin, da ban shiga ko ɗaya daga cikin ramukan biyu ba. Har yanzu idan na tuna yadda na tsaya ina ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki don in ji ko katakon mai kyau ne, ga mita a bayana ban ko kalle ta da kyau ba, sai takaicin kaina ya kama ni.

Maganar samo ta warware cikin mako guda, domin maƙwabtana mutanen kirki ne. Muka haɗa kuɗi aka sayo ƙaramar mita aka ɗaura wa injin shi kaɗai, duk ƙarshen wata mu karanta abin da ya sha mu raba huɗu, kuma dattijon ne ke riƙe da littafin. Bashin ne ya ja lokaci. Na rubuta wa kamfanin takardar ƙorafi, na haɗa da kwafin yarjejeniyar haya mai ɗauke da ranar da na shiga gidan da duk rasit ɗin da na tara, na tabbatar an buga mini hatimi a kwafina. Na kuma samu labarin cewa idan sashen ƙorafi na kamfani bai warware matsala ba, akwai zauren sauraron koke na NERC da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi, amma ban kai can ba, domin asusun da sunan mai gida yake, kuma da ya ga takardu a rubuce sai ya sauko. Bayan an shafe wata uku ana kai ruwa rana, ya amince ya biya abin da ya rage, abin da aka riga aka zara daga kuɗina kuma a cire shi daga hayar shekara ta biyu. Na nace sai da aka rubuta wannan aka sa hannu. Wutar da samo ya sha kafin mu gane kuwa, babu wanda na tambaya, domin kunya ba ta bar ni in bi maƙwabta da lissafi ba.

Kwanakin baya wani abokin aikina da aka dawo da shi daga Sakkwato ya roƙe ni in raka shi ganin gida a Lugbe. Dillali yana ta yaba tayil da sabon fenti, ni kuwa na wuce kai tsaye bayan gida na ɗauki hoton lambar mita, na ce a sayi wutar naira dubu ɗaya a shago a kawo rasit, sa'an nan a kashe komai a kunna injin ruwa. Dillalin ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ma'aikacin wuta ne?" Na ce masa a'a, ɗan haya ne. Rasit ya zo babu bashi, injin ruwa kuma yana kan mitarsa daban, abokin nawa ya biya kuɗinsa a ranar.