Fenti ba ya rufa wa faiba asiri, ni na gani da idona

Jiya da hantsi wani yaro ya shigo garejinmu nan Birnin Kebbi da bambar Corolla a kafaɗa, shina tambaya wai oga wane fenti ne mai kauri da zai ɓoye wurin da ya liƙe da faiba, wato zaren gilashi da ake haɗawa da gam ya yi tauri. Na aza hannu na shafa wurin, tudu da kwari kamar kunyar gero. Na ce ƙanena aje ta ka zauna, don tambayar nan taka ni ma na taɓa yin ta kuma na sha kuɗinta. Abin da na gaya mishi shi zan gaya muku, ku samari da kunka shigo sana'ar fanel bita da fenti kwanan nan.

Lokacin ina yaron gida, saura kwana 3 Babbar Sallah, maigidana ya tafi Kano Ƙofar Ruwa sayen kaya, sai ga wata babbar mota fara mai ɗaukar albasa daga Aliero, ta bugi saniya a hanyar Jega, kusurwar gabanta ta dare. Wurin faiba ne ba ƙarfe ba. Direba ya ce yau yake son ta don shina da lodi zuwa kudu, ni kuma ga kuɗin ɗinkin Sallah a gabana, na ce an gama. Ban kankare tsohon fenti ba, na dai ɗan goga sama sama na shimfiɗa mat, wato tabarmar zaren gilashi, na zuba rezin, ruwan gam ɗin da ke daskarewa ya riƙe zaren, da ya kama sai na lafta bodi fila, kwaɓin da ake cike kwarin jikin mota da shi, kaurin yatsa, na ƙara hadana, sinadarin da ke sa shi tauri, da yawa don ya bushe da wuri, na goge da sanfefa da ruwa, kafin la'asar na fesa firaima, shafin farko da ake yi a ƙasa, sannan fenti. Wallahi motar ta yi kyau, har direba ya ƙara mini na goro.

Sati 2 ta dawo. Wurin ya nutse, gefen facin ya fito zagaye kamar an zana taswira, ga wani rawaya rawaya ya keto ta cikin farin fentin, ga tsaguwar ta sake buɗewa ta wuce inda take da. Maigida bai zage ni ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ya ɗauko sukundireba ya soka gefen facin ya ɓamɓare shi gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, ya miƙo mini ya ce ungo aikinka. Da kuɗin gareji anka sake gyaran, ni kuma wata guda ban ga ko sisi ba.

Kowane aibi da ya fito a motar nan akwai dalilinshi. Facin ya ɓamɓare don rezin ba ya kama fenti mai sheƙi, sai faiba tsirara mai kaushi. Tsaguwa ta ci gaba don ban huda ƙarshenta ba, in ka sa ƙaramin diril ka huda rami a inda ta tsaya kowane gefe to nan take tsayawa. Sannan ka sa giranda ka kwantar da bakin tsaguwar, faɗin yatsu 3 ko 4 kowane ɓangare, ya zama gangare ba rami mai kaifi ba, ka goge da asiton, ruwan da ke wanke maiƙo. In hannu na kaiwa bayan wurin, ƙarfin aikin a baya ake yin shi, gaba gyaran fuska ne kawai. Mat kuma yage shi da hannu, kar ka sa almakashi, bakin da anka yage shi ke narkewa cikin jiki, wanda anka yanka layinshi zai fito ko bayan fenti. Ka riƙa dandanna shi da burushi mai rezin har farin ya ɓace ya koma garai garai, duk inda ka ga fari fari ya rage iska ce a ciki, kuma iskar nan za ta kumbura ranar da mota ta kwana biyu a rana.

Maganar hadana, nan yara suke kashe kansu. Na rezin ruwa ne, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, wato rezin mil 100 hadana mil 1 ko 2. Ni sirinji nake saye a kemis in auna da shi, abokaina sunka yi ta mini dariya wai likita, to likitan ne aikinshi ba ya dawowa. Kuma ku sani abin da anka rubuta jikin gwangwani an auna shi ne da yanayi kamar digiri 25, mu nan watan Afrilu zafi na wuce 40, rezin ɗin da ya kamata ya ba ka minti 15 ko 20 kafin ka juya ya zama tuwo. Saboda haka da zafi mil 1 ya isa, ka dama kaɗan kaɗan, ka yi aikin da sassafe cikin inuwa. Na taɓa dama cike da gwangwanin madara na aje na tafi amsa waya, na dawo na iske shina hayaƙi ba ya taɓuwa don zafi. Hadanan fila daban ne, shi kirim ne a tub, shi ma kamar kashi 2 cikin 100. In ka cika shi, ragowar da ba ta haɗu ba ita ke ketowa ta ɓata fenti, musamman fari, rawayan da na gani ke nan a motar albasa.

To yanzu gogewa, inda aikin yake. Ka bari faiba ta bushe ƙarau, ka fara da sanfefa lamba 40 ka rage tudun, ka bi da 80. Ka sa wurin ya ɗan yi ƙasa da jikin mota kaɗan don fila ya samu wurin zama. Fila ba kayan gini ba ne, in rami ya wuce kaurin milimita 3 ko 4 ka koma ka ƙara mat, kar ka ce fila zai cike. Kada ka dama shi a kan kwali, kwali na shanye man filan, nemi guntun tayil ko gilashi. Kuma ba a kaɗa shi kamar miyar kuka, ninkewa ake yi ana dannawa, duk kaɗawa iska kake tura mishi. Shafin farko siriri, ka danna da ƙarfi ya shiga cikin kaushin, sannan na biyu, in ya kama har na uku.

Kuskurena na biyu ya zo bayan na fara jin ni ma oga ne. Wata baƙar mota ce mai faiba a gefe, na yi komai daidai, awo daidai, sai dai da yatsu na goge, na naɗe sanfefa a hannu ina bi. A gareji ba ka ganin komai. Da mai ita ya fito da ita rana ta doka, gefen kamar ruwan gulbi in iska na kaɗawa, ana ganin sawun yatsuna huɗu a jere. Yatsa taushi gare shi, shina bin kwari ya ƙara zurfafa shi. Tun ranar ban sake goge wuri mai faɗi ba sai da katako, wani guntun katako madaidaici mai tsawon taƙi ɗaya da rabi da kafinta ya fere mini, har yau shina nan ya yi baƙi. A naɗa mishi 80 a goga a karkace, hagu sannan dama suna gicciye juna, ba gaba da baya wuri ɗaya ba. In siffa ta fito a koma 120, sannan 180. Kar ka yi tsalle daga 80 zuwa 320 don sauri, ƙaramar lamba ce ke gyara siffa, babbar lamba sumul kawai take yi, in ka yi tsalle zanen 80 na nan kwance a ƙasa shina jiran fenti ya bushe ya fito.

Dabarar da na so a ce tun farko an koya mini, ka samu baƙin fenti na gwangwani ka ɗan fesa sama sama kamar ƙura a kan fila, sannan ka bi da katako. Inda baƙin ya tafi nan tudu ne, inda ya rage nan kwari ne, ba gardama. Sannan ka shimfiɗa tafin hannu gaba ɗaya da ƙyalle siriri a ƙasa, ka kau da kai ka shafa a hankali, hannu na jin abin da ido bai gani.

Ruwa kuwa kar ya taɓa fila ko faiba tsirara. Na san garejin da yawa haka suke yi don sanfefa ta daɗe kuma ƙura ta ragu, ni ma haka na taso na gani, amma fila shan ruwa yake kamar bulo, kuma zaren faiba da ya fito na jan ruwa ciki. Ka rufe da fenti, rana ta dafa, sai ƙuraje su fito kamar baƙon dauro. Da damina ma ko raɓar dare ta isa. Sai bayan firaima mai hadana ta rufe wurin ta bushe sannan za ka iya sa ruwa da 400, ko 600 in fentin mai ƙyalli ne.

Kafin firaima ka hura iskar kwamfireso ka kawo ido kusa, za ka ga ƙananan ramuka kamar tsinin allura. Firaima ba ta cike su, rufe musu baki kawai take yi su buɗe daga baya, sai ka bi su da poti, wato fila mai laushi, ka danna ka goge da 180 ko 240. Sannan abin da ba mai mota da ke son ji, ka fitar da aikin ka shanya a rana yini ɗaya ko biyu. Rezin da fila suna ci gaba da ƙanƙancewa bayan sun yi tauri, gara su gama motsinsu tun ba fenti a kai. Rana dai Allah ya ba mu ita kyauta a Kabi, wasu ƙasashen ɗaki na musamman suke ginawa su kunna wuta don abin da muke samu a tsakar gareji. In mai mota ya matsa, ni yanzu cewa nake Alhaji ka yi haƙuri zuwa jibi ko ka kai wani wuri, da yawa sun tafi, wasu sun dawo da facin a hannu. Da hunturu kuma faiba na jan ƙura in ka goge ta da busasshen ƙyalle, sai a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi kuma a yi shi kafin iska ta taso.

Jikinku ma ku kula. Ƙurar nan da ke tashi in ana goge faiba gilashi ce, na yi shekaru ina gogewa da ɗan kamfai da singileti, dare ya yi in kasa barci don ƙaiƙayi, tari kuma har yanzu in sanyi ya shigo sai ya tuna da ni. Riga mai dogon hannu, takunkumin hanci na kirki ba ƙyalle ba, wanka da ruwan sanyi kar ka sosa. Hadanan rezin kuwa ɗigo ɗaya in ya faɗa ido na iya makantarwa, ku sa tabarau in za ku auna kuma ku aje bokitin ruwa kusa.

Shi wancan yaron da na gama mishi dogon bayani sai na juya bambar tashi na duba baya, ga hatimi nan an buga PP. Roba ce ba faiba ba, kuma rezin ba ya kama irin wagga robar ko me za ka yi mata, na sa farce na ɗaga facin ya taso. Na ce mishi kwashe duka ka kai wa masu walda ta roba su narka su haɗa, in sun gama ka dawo da ita gobe da safe in ara maka katakona.