Ka goge saƙo amma yana nan zaune

Aikin kula da imel ɗin ma'aikata ya koya min cewa saitin da ka bar wa mutane ranar farko shi ne doka, don da wuya ka ga wanda zai shiga ya canza wani abu, da shi za su zauna har su yi ritaya. Inda abin ya fi ba ni ciwon kai kuwa shi ne saƙonnin da aka goge, a nuna su ko a ɓoye.

Tushen maganar IMAP ne, tsarin da Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, wanda har yau da shi yawancin manhajojin imel ke magana da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonnin. A nan gogewa hawa biyu ce. Ka danna dilit, saba ta manna wa saƙon alama cewa an goge shi amma yana nan a akwati bai motsa ba, sai an ba da umarnin EXPUNGE sannan ya tafi da gaske. To tsakanin hawan nan biyu ne rigimar take.

In ka bari a nuna, saƙon zai fito da layi a tsakiyarsa kamar yadda manhajojin Outlook da Thunderbird ke yi in aka saita su haka, kuma ka shirya amsa waya, "Malam na goge abin nan tun safe ya ƙi tafiya fa, ko bairos ne?" In kuma ka ɓoye kowa zai yi shiru ya ji daɗi, akwati tas, amma saƙonnin suna can suna cin wuri, wata rana sai akwati ya cika, sabbin saƙonni su dinga komawa wa masu turowa, shi kuma mai akwatin yana rantsuwa ya share komai, kuma gaskiyarsa ce, a idonsa babu komai. Ga wanda hannunsa ya zame ya goge takardar da oga ke jira, shi bai san tana nan ba balle ya nemo ta. Ni a wajena wannan ɓoyewar ta fi muni nesa ba kusa ba, gara a dame ni da waya.

Abin da na lura, jama'a sun riga sun saba da Gmail a wayoyinsu, ka goge ya faɗa kwandon shara, bayan kwana 30 ya ɓace da kansa. Ba ruwansu da wata alama. Shi ya sa yanzu a Roundcube, manhajar imel ɗin da muke amfani da ita, nake barin dilit ya kai saƙo kwandon shara kai tsaye, sannan na kunna saitin nan da ke matse akwati idan mutum ya fita, don masu alamar da wata manhaja ta bari a baya su tafi. Saitin da ke zubar da kwandon shara lokacin fita kam ba na taɓa shi, ko kusa, don akwai masu ajiye takardu masu muhimmanci a cikin sharar, kar ka tambaye ni dalili. Masu son tsohon salo na layi a tsakiya, yawanci 'yan ɓangarenmu ne, su sun san hanyar saiti sai su je su canza abinsu.